Akwatin agajin kare da kyanwa a Damagaram: a saya haɗaɗɗe ko a haɗa da hannu?

Yawancin abin da ke samun dabbar gida ba ya zuwa a lokacin aiki. Kare ya taka fasasshiyar kwalba bayan magariba, kyanwa ta dawo da asuba kunne a yage, ɗan kwikwiyo ya lashe maganin ɓera da aka ajiye bayan buhun gero. A irin wannan lokaci shagon maganin dabbobi a kulle yake, farmasin da ke kwana a buɗe kuwa ta yiwu tana Sabon Gari kai kana can cikin Birni. Abin da ke kusa da hannu a minti goman farko shi kaɗai ke aiki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanya uku ce a gaban mai son wannan tanadi. Ko ya sayi haɗaɗɗen akwatin mutane, irin wanda direbobi ke ajiyewa a mota. Ko ya yi saƙon wanda aka haɗa musamman don kare da kyanwa, daga Yamai ko Kano ko ta intanet. Ko kuma ya bi farmasi da shagon maganin dabbobi da Kasuwar Dole ya tsinto kayan ɗaya-ɗaya. Duk wadda aka bi, kowane abu da zai shiga akwatin a yi masa tambaya uku. Zai jure zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 kusan kullum? In dabba ta lashe shi, zai yi mata illa? In ya ƙare, ana samun wani a garin nan? Ta biyun ita aka fi mantawa. Mutum in an shafa masa magani yakan bar shi, kyanwa kuwa duk abin da ya taɓa gashinta a cikinta zai kwana.

Akwatin mota yana da sauƙin samu, kuma akwai abin kirki a ciki: ƙyallen rauni mai tsabta, safar hannu, bandeji ɗaya ko biyu. Sai dai kusan rabinsa ƙananan filasta ne na yatsa, waɗanda ba sa kama gashi. Almakashinsa ba ya yanke komai. Babu ma'aunin zafi, babu abin ɗaure baki. Mafi muni, sau da yawa akwai paracetamol a ciki, kuma ranar da kyanwa ta kwanta tana nishi, hannun mai tausayi wurin zai fara zuwa.

Wanda aka haɗa don dabbobi ya fi kyan gani, kuma yakan zo da abu biyu masu wuyar samu a nan: bandeji mai manne wa kansa ba tare da kama gashi ba, da ɗan ƙugiyar roba na cire kaska. Amma an tsara shi ne don ƙasar sanyi, inda likita ke nan kusa. Za ka tarar da bargon leda mai ƙyalli na riƙe ɗumi, wanda ba ka buƙata sai wataƙila tsakiyar hunturu, sannan ruwan wanke rauni ɗan bututu biyu da ba za su wanke ko dagi ɗaya da ya cika da yashi ba. Kafin ya iso, tafiya da ajiya sun cinye wani kaso na wa'adinsa. Jakar kuma ta zif ce, zif kuwa ba ya shiri da ƙurarmu. In abu ya ƙare sai an sake saƙo, Yamai kuma kusan kilomita 900 ce.

Haɗawa da hannu yana cin rabin wuni, amma shi muka fi ba da shawara. Kana sayen abin da ke ƙarewa da sauri da yawa, kana barin abin da ba ya da amfani, kuma duk abin da ke ciki ka san shi domin kai ka sa. Rauninsa ɗaya ne: mai haɗawa yakan cusa abin da bai kamata ba. Mai akwatin mota ba sai ya zubar ba, ya kwashe ƙwayoyin ya gina a kan sauran. In an samu mai tafiya, a yi masa saƙon ƙugiyar kaska da bandeji mai mannewa, su kaɗai. Rabon sayayyar kuwa haka yake: kayan wanki da ɗauri daga farmasi, duk abin da dabba za ta haɗiye ko a shafe jikinta da shi daga wurin likitan dabbobi, ƙyalle da bokiti da sabulu daga kasuwa. Masu yawo da magani a tire cikin rana, ko da sun fi araha, a bar musu kayansu.

Mazubi da wurin ajiya

Yawancin magunguna an rubuta a kwalinsu a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. Adakar ƙarfe a ɗakin kwano tana zama tanda da azahar: filasta ya bushe, safar hannu ta manne da juna ta yage wurin sawa, man shafawa ya narke ya rabu. Bokitin roba mai murfi, irin na fenti da aka wanke sarai, ya fi ta, ba ya barin ƙura da kyankyaso, ga mariƙi. Ƙaramar kula ta fi su duka, ko babu ƙanƙara, domin tana rage kaifin zafin rana. A ajiye a ɗakin ƙasa, a wurin da ba ya ganin rana, sama da inda hannun yara ke kaiwa. Ba a mota ba, ba a madafa ba. Firiji bai zama dole ba, kuma in wani abu ba ya rayuwa sai da firiji, kamar allurar rigakafi mai buƙatar digiri 2 zuwa 8, to ba na akwatin gida ba ne.

Wanke rauni, inda aka fi yin kuskure

Abin da ke tsabtace rauni shi ne yawan ruwan da ya bi ta kansa, ba ƙarfin maganin ba. Shi ya sa ruwan gishiri ke gaba da komai. Ana sayar da shi a farmasi iri biyu: ƙananan bututu masu mililita 5, da babbar leda ta ƙarin ruwa mai rabin lita. Ƙananan na ido ne, a sayi kwali ɗaya. Babbar ta rauni ce, a sayi biyu, kuma wadda aka huda ba ta komawa akwati, a ƙarar da ita a ranar. Na gida ma yana aiki: ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri, a shafe ba a tule ba, cikin rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. Ma'aunin da ake nema giram 9 ne a lita. In ya yi yawa zai yi zafi ya ƙona nama, kuma na yau ba ya kaiwa gobe. Tunda famfo ba kullum yake kawowa ba, a sa gorar ruwan sha ɗaya mai lita ɗaya da rabi a akwatin, ba a buɗe ba, da gishirin a aune a ƙulle. A huda murfin gora da allura mai zafi, in aka matsa sai ta feso ruwa da ƙarfin da zai fitar da yashi. Sirinji mai mililita 20 ba allura ya fi wannan daidai, a sayi biyu.

Bayan ruwan gishiri sai maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma a nan zaɓin na gaske tsakanin biyu ne. Bétadine mai ɗorawar kwalba, wadda ƙarfinta kashi 10 cikin ɗari ne, tana ko'ina, tana jure zafi daidai gwargwado, kuma tana da amfani ga mutanen gidan ma. Ba a zuba ta yadda take cikin buɗaɗɗen raunin dabba: kashi ɗaya nata, kashi tara na ruwa, har ta yi kalar shayin da bai nuna ba. Mai jar kwalba sabulu ce mai kumfa, ta wanke fata ce, ba ta cikin rauni ba. Chlorhexidine ta fi daɗewa tana aiki a kan fata, jini da mugunya ba sa kashe ƙarfinta da wuri kamar Bétadine, kuma ba ta rina wurin. Amma tana zuwa da ƙarfi iri-iri, nan ne ake ruɗewa. Abin da rauni ke so shi ne 0.05 cikin ɗari, mai ruwa ba mai alkol ba. In mai kashi 2 aka samu, mililita 25 cikin lita ɗaya. In mai kashi 5 ce, mililita 10. Ba ta shiga ido, ba ta shiga cikin kunne, domin in dodon kunne ya fashe tana iya kurmantar da dabba. Gidan da mutane da yawa za su taɓa akwatin, Bétadine ta fi aminci saboda ido ma yana gane sirkinta. Kada a haɗa su biyun a rauni ɗaya.

Sauran da aka saba gani duk suna da aibi. Alkol yana ƙona nama, kuma karen da aka zuba wa shi sau ɗaya ba zai sake tsayawa ba. Amfaninsa goge almakashi da ma'auni. Jan maganin nan éosine yana busar da ƴar ƙujewa, amma ƙarfinsa kaɗan ne, kuma yana rufe ja da kumburin da likita ke son gani. Ruwan maganin da ake kira Dakin yana da kyau ga ruɓaɓɓen miki, sai dai da an buɗe shi zafi da haske na cinye shi da sauri. Dettol da Crésyl kuwa kada su kusanci kyanwa, ko a jikinta ko a daɓen da za ta taka ta lashe dagi, domin hantarta ba ta iya sarrafa irin sinadarinsu.

Shuɗin maganin fesawa na shagon dabbobi, mai oxytetracycline, na rago da saniya ne da gaske. Ga kare yana yi a wurin da harshe ba ya kaiwa, kamar bayan wuya da bakin kunne. Ga kyanwa, ƙarar fesawar kaɗai ta isa ta sa ta yage hannun mai riƙo. Gwangwaninsa kuma ba ya son zafin da ya wuce digiri 50, wanda mota a rana ke kaiwa cikin sauƙi.

Daga cikin na gargajiya, zuma tsantsa ta cancanci wuri a akwatin. A kan mikin da aka wanke tana jan ruwa, tana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, ba ta lalacewa da zafi, kuma lasarta ba ta kisa. Sai dai a rufe da bandeji saboda ƙuda da tururuwa. Man kaɗanya yana yi ga tafin ƙafar da ya tsage. Baƙin man inji da ake shafa wa mai ƙazuwa, da toka, da baƙin garin cikin batir, waɗannan ƙarin ciwo ne.

Ɗauri

A sayi ƙyallen rauni mai tsabta, wanda farmasi ke kira compresse, mai santimita 10 kowane gefe, aƙalla 20 kowanne a takardarsa. Auduga naɗi ɗaya, amma ba ta taɓa rauni kai tsaye don zarenta na maƙalewa, wurinta shi ne tsakanin ƙyalle da bandeji. Wajen bandejin waje, akwai mai saƙa mai ɗan miƙewa da ake kira Velpeau, akwai mai manne wa kansa. Na farkon yana wankuwa, ana sake amfani da shi, zafi ba ya taɓa shi, amma yana zamewa sai an kama shi da filasta. Na biyun ba ya zamewa, sai dai in ya shekara a zafi yakan dunƙule ya ƙi warwaruwa, kuma shi ne ya fi jawo kumburin ƙafa, saboda mai naɗawa yana jan sa ba tare da ya sani ba. A warware tsawon hannu tukuna, sannan a ɗora a sake. A ajiye Velpeau uku, biyu masu faɗin santimita 5, ɗaya mai 10, da filasta mai faɗi naɗi ɗaya.

In jini na zuba, a danna ƙyalle a riƙe minti 5 cur da agogo, ba ɗagawa ana leƙe. In ya jiƙe a ɗora wani a kai, kada a cire na ƙasa, cirewar ke ɓalle gudan jinin da ya fara kamawa. Naɗin ƙafa daga yatsu yake farawa ya hau sama, a bar yatsun tsakiya biyu a waje. In suka kumbura, ko suka yi sanyi, ko suka buɗe da juna, ɗaurin ya matse, a kwance nan take. Yatsa ɗaya ya riƙa shiga ƙarƙashin bakin bandejin. Raunin da ya buɗe baki yana son ɗinki cikin kamar awa 6. Hujin haƙori kuma ƙanƙantarsa yaudara ce: a sama ɗigo biyu, a ƙasa nama ya dagargaje, bayan kwana biyu zuwa huɗu ya kumbura da mugunya. Ba a toshe shi, a wanke a kai wa likita.

Almakashi mai dakusasshen baki ake so, don aske gashi a gefen rauni da yanke bandeji. Matsefata ta kasuwa ta wadatar wajen ƙarangiya da ƙaya. Bayan damina, karen da ke ɗingishi ba tare da rauni a fili ba, a fara duba tsakanin yatsunsa da tocila, yawanci ƙarangiya ce ta nutse.

Kamu kafin magani

Dabbar da ke jin zafi ba ta san mai ita ba. Takunkumin kanti na kare yana da kyau in girmansa ya dace, amma ɗaya ba ya yi wa kwikwiyo da babba. Dogon ƙyalle mai ƙarfi, tsawon mita ɗaya da rabi, faɗin yatsa uku, yana yi wa kowa: a yi zarge a sa a hanci a ɗaure a sama, a sauko a gitta a ƙarƙashin haɓa, a kai bayan kunnuwa a ƙulle. Ba a ɗaure bakin karen da ke amai, ko wanda numfashi ke yi wa wuya, ko wanda zafi ya buge, tunda da baki yake fitar da zafin. Kyanwa ba a ɗaure mata baki, a naɗe ta da tawul mai kauri ko tsohon bargo, a fito da gaɓar da ake so kawai. Wajen kai ta asibiti a kan kabu-kabu, kwando mai murfi da aka ɗaure ya fi kwali, wanda take fasawa, ya kuma fi buhun leda, wanda ke hana ta iska. Safar hannu a sayi kwali guda, tana kare mai aikin daga cuta, tana kuma sauƙaƙa wa wanda ba ya son yawun kare ya taɓa shi. Abin hana lasa ba sai an saya ba: ƙaramin bokitin roba da aka cire wa gindi aka huda gefe aka ɗaura a wuya yana yi wa kare, kwali mai tauri yana yi wa kyanwa.

Ma'aunin zafi

Na goshi da ya yawaita lokacin korona ba ya aiki a kan gashi. Na gilashi ba ya buƙatar batir, amma yana son minti biyu a dubura, dabba kuma tana iya zama a kansa ta fasa. Na batir mai lanƙwasasshen baki ya fi, tare da batir ɗaya na ajiya da ɗan gwangwanin basilin. A shafa, a sa kamar santimita 2, a jingina shi da bangon dubura. Kare da kyanwa masu lafiya suna tsakanin digiri 38 da 39.2, rago yana iya kaiwa kusa da 40, doki kuwa 37.5 zuwa 38.5. Karen da aka ɗaure a rana yana haki, harshe ya yi ja ƙwarai, ma'auni ya nuna 41, wannan gaggawa ce. A kai shi inuwa, a riƙa kwara masa ruwan randa a ciki da cinyoyi da wuya ana fifita, kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane don yana riƙe zafin. A dakata in ya sauko 39.5, a tafi wurin likita ko da ya miƙe, domin ƙoda na iya nuna illar daga baya. A saba duba dasashi tun dabba na lafiya. Ruwan hoda ne daidai, fari fat alamar zubar jini ce ko ciwon kaska. In dasashin baƙi ne tun asali, kamar na karnuka da yawa, a ja fatar ido ta ƙasa a duba.

Ƙwayoyi da guba

Maganin ciwo na mutane ba ya shiga wannan akwati. Ƙwaya ɗaya ta paracetamol mai miligiram 500 tana iya kashe babbar kyanwa: dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, jini ya kasa ɗaukar iska. Ibuprofène da diclofénac suna huda ciki su lalata ƙodar kare da kyanwa. Ivermectine na allura, maganin tsutsar ciki da ƙazuwa da ke gidan kowane mai kiwo, mililita ɗaya na dabba mai kilo 50 ne. Rabon kyanwa mai kilo 3 bai kai kashi ɗaya cikin goma na mililita ba, sirinjin gida ba ya auna wannan. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Abin sha da ya cancanta shi ne gishirin zawo na farmasi, fakiti biyar, kowanne a lita ɗaya. A ba da kaɗan-kaɗan ta gefen baki da sirinji, ga dabbar da ke haɗiya kuma ba ta amai. Kwikwiyon da ke zawo da jini kuwa ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata, kada a ɓata wuni ana ɗura.

In dabba ta ci guba, abin da aka saba shi ne ɗura manja ko madara ko ruwan gishiri mai kauri. Mai yana taimaka wa irin su fiya-fiya shiga jini da sauri, in kuma ya sarƙe ta ya sauka huhu. Gishiri mai yawa shi kansa kisa yake. To me za a ajiye? Ana maganar abu biyu. Eau oxygénée, ruwan maganin nan mai kumfa a kan rauni, mai kashi 3 tana sa kare amai, mililita 1 zuwa 2 a kowane kilo, kada a wuce 45, cikin awa biyun farko. Ba a ba kyanwa ko kaɗan. Ba a ba wanda ya sha fetur ko kalanzir ko ruwan batir, ko wanda ya fara karkarwa da dalalar yawu, fiya-fiya kuwa da wuri take kai dabba wannan hali. Ga shi kuma tana zama ruwa zalla in ta daɗe a zafi. Saboda haka amfaninta ƙanƙane ne, kuma sai likita ya ce a ba. Gawayin magani ya fi ta fa'ida, yana kama guba a hanji, zafi ba ya lalata shi. Amma a lura da yawansa: giram 1 zuwa 2 a kowane kilo. Kare mai kilo 15 yana buƙatar giram 15 aƙalla, wato in ƙwayoyin miligiram 250 ne, guda 60. A nemi na gari. Gawayin murhu ba irinsa ba ne, ko an daka.

Ainihin makarin yana hannun likita: atropine ga irin fiya-fiya, bitamin K1 ga maganin ɓera mai tsinka jini. Wannan na biyun mayaudari ne, kare yakan yi kwana uku zuwa biyar garau kafin jini ya ɓalle, don haka ganin yana wasa ba hujjar zama ba ce. Baƙin garin ɓera mai warin tafarnuwa kuma, aman dabbar da ta ci shi yana fitar da iska mai cutar da mutum, a fitar da ita fili. A sa ledoji biyu masu tsabta a akwatin don ɗaukar kwalin gubar ko ragowarta.

Wajen kaska da ƙuma, maganin shanu da ake zubawa a gadon baya ba na kyanwa ba ne. Duk mai perméthrine da danginsa yana sa ta farfaɗiya, ko da jikin karen da aka shafa wa ta goga. Amitraz ba na kyanwa ba ne, ba na doki ba. Mai fipronil yana yi wa kare da kyanwa duka, amma yana kashe zomo. Kaska ɗaya-ɗaya a kama ta daf da fata a ja a hankali, ba ƙona ta da sigari, ba shafa kalanzir.

Dutsen maciji ba ya zuƙe dafi, kada ya ci wuri. Saran kububuwa ba a tsaga shi, ba a tsotsa, ba a ɗaure sama da shi. A ɗauki dabbar a hana ta tafiya da ƙafarta, a nufi likita. Gamsheƙa in ta tofa wa kare a ido, nan ne gorar ruwa ke biyan kuɗinta: a wanke minti 15 zuwa 20 ba tsayawa. Man ido mai tétracycline kashi 1 yana iya zama a akwati, amma duk maganin ido mai cortisone a bar shi, yana zurfafa ƙujewar ƙwayar ido.

Sabulu ɗaya sabo a akwatin na mutane ne. Wanda kare ko kyanwa ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ya zuba Bétadine ba sirki, ya je asibiti a ranar. Haukan kare in alamunsa suka bayyana ba ya da magani. Dabbar da ta yi cizon, in tana kamuwa ba tare da haɗari ba, a killace ta a sanar da ma'aikatan kiwo, sukan sa ido a kanta kwana 10 zuwa 15. Rigakafin haukan kare ana fara shi daga wata uku.

Gidan da ake turke ragon layya, a ƙara shuɗin maganin fesawa, da man gyaɗa rubu'in lita, da kwalba mai dogon wuya. Ragon da ciki ya kumbura a hagu bayan ya afka wa ɗanyar ciyawa, mililita 50 zuwa 100 na mai a hankali, kai ba a ɗage sama ba, kan rage kumfar kafin likita ya iso. Wanda ya faɗa wa hatsi ko kwanon tuwo lamarinsa daban ne, a janye abinci a kira likita. Wanda ya tara leda a tumbi kuwa babu abin da akwati zai yi masa.

A cikin murfin a manna takarda da lambar likitan dabbobi biyu, da nauyin kowace dabba, da ranar rigakafinta. Nauyin ana samunsa ne in mutum ya hau sikeli shi kaɗai, ya sake hawa ɗauke da dabbar, a cire. Da wannan takarda kiran waya yakan gajarta: "Likita, barka da dare, a yi haƙuri. Karenmu ne, kilo 15, ya ci maganin ɓera kamar rabin awa da ta wuce, kwalin na hannuna, zafinsa 38.8, bai fara karkarwa ba." A zazzage akwatin sau biyu a shekara, farkon Maris kafin bazara ta kankama da kuma farkon damina lokacin da ƙuda ke sa miki tsutsa. A gwada tocila, a ja filasta a ga ko yana kamawa, a sa safar hannu ɗaya a ga ko ta yage, a canza gorar ruwan.